Kamfanin mai ya turo takardar gyara a kan gadon matata, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Bakano a Houston:
Salam jama'a. Matata ba'amurkiya ce, sun gaji man da ke ƙarƙashin wata gona a gundumar Reeves can yammacin Texas, ita gonar an sayar tuntuni amma abin da ke ƙasa nasu ne. Na san wani zai ce ta yaya, to nan ba kamar gida ba ne da sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamnatin tarayya duk mai da gas, a nan sai ka sayar da sama ka riƙe ƙasa. Yarjejeniyar hayar tun ta zamanin kakanta ce, kasonsu ɗaya bisa takwas, kuma wata tsohuwar rijiya da ke ɗan ɗigo ce ta sa har yau yarjejeniyar ba ta mutu ba, don muddin rijiya na fitar da mai hayar tana nan. Yanzu dillalin kamfani, wanda suke kira lanman, ya turo shafi biyu wai ɗan gyara ne kawai don su haɗa filin da na maƙwabta su haƙa rijiyar kwance, wato wadda ke miƙewa a kwance a ƙarƙashin ƙasa, a sa hannu cikin sati biyu, kafin alƙalami kuwa ko sisi. Ya kuka yi da naku?

Uwargida a Tulsa:
Malam kar ku yi gaggawa wlh. Mu da lanman ya zo wa surukata da fara'arsa har da kawo mata kek, ta sa hannu a teburin kicin, ashe can ƙasan shafi na biyu akwai layi ɗaya da ke cewa ta tabbatar tsohuwar yarjejeniya tana nan da ranta. Daga baya lauya ya duba ya ce rijiyar ta daɗe a tsaye, da wuya in hayar ba ta riga ta faɗi ba, da yanzu sabon ciniki ake yi da kuɗin goro da kaso mai tsoka. Da hannunta ta tayar musu da gawa. Har yau in aka tuno zancen sai ta tashi ta bar falon.

Ɗan Damagaram a Dakota:
Ni kam na ci riba da nawa, na matata dai. Abin da na gane shi ne in ba sa buƙatarka ba za su buga maka waya ba. Na ce to mun yarda a haɗa, amma a rubuta duk ekar da ba ta shiga haɗakar ba ta dawo hannunmu, haka duk zurfin da ke ƙasa da inda suka haƙa. Suka ja wata guda sannan suka yarda. Ƙarin kaso ne dai suka ƙi ƙememe.

Injiniya a Midland:
Ƙarin kason ma ana samu wani lokaci, sabbin yarjejeniyoyi a yankin mai na Permian da ya haɗa da yammacin Texas ɗaya bisa huɗu ake gani sosai, ninki biyu na naku kenan Bakano. Amma kar ku ɗauka wuƙa da nama na hannunku. Hukumar jiragen ƙasa ta Texas, kar sunan ya ruɗe ku ita ke kula da harkar mai, tana ba da izinin rijiyar da ke ratsa filaye da yawa ko ba a yi haɗaka ba, sai a raba kuɗin gwargwadon tsawon da ya bi ta kowane fili. Oklahoma kuwa hukuma ce ke haɗa ka dole, ta ba ka kwana 20 ka zaɓi ɗaya cikin tayin da aka jera. Ni abin da ya ƙone ni ma ba kaso ba ne, zaftare-zaftare ne, cek ɗin farko na gas da ya zo mana an cire kuɗin bututu, kuɗin matsewa, kuɗin tacewa, sai ka rantse mu ne muka ɗauke su haya. Ku sa a rubuta ƙarara ba a cire komai daga kasonku sai haraji.

Uwargida a Tulsa:
Af na manta, sunan wa ke rajistar gunduma? Mu sunan marigayi ne, kamfani ya riƙe kuɗin sama da shekara sai da muka kai takardar rantsuwar magada aka shigar.

Bakano a Houston:
Kai Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi, sunan kakan ne har yanzu, kuma su tara ne magadan, biyu ba sa ga maciji tun wajen jana'iza. Yanzu na buɗe takardar, layin tabbatarwar nan yana nan a sakin layi na huɗu. Na tura wa lanman saƙo ya aiko mana kwafin tsohuwar yarjejeniyar da lissafin abin da rijiyar ta fitar wata-wata, ya amsa cikin minti goma wai sati biyun nan ba dole ba ne, gobe da ƙarfe nawa zai iya kira.