Daren da nas biyu suka riƙe ɗaki guda: me kuka gani?

Mai jinya daga Mabera: Assalamu alaikum. Na yi jinyar mahaifina kwana tara bayan tiyatar hanji a wani asibiti a nan Sakkwato, kuma dare ne ya tsaya mini a rai. Da rana likitoci da ɗalibai suna kai da komo, amma da an idar da sallar isha'i sai nas biyu su rage a ɗakin da gadajensa suka haura talatin. A dare na uku numfashin Baba ya sauya. Da na je kira, na tarar ɗaya tana kan wani da jini ya ɓalle masa, ɗayar kuma ta fita neman tukunyar iska. Allah ya yi da sauran kwanansa. Ina son jin abin da wasu suka gani.

Wata nas daga Arkilla: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Shekarata sha huɗu a wannan aiki, kuma ba kasafai na ga wanda aka yi wa tiyata ya rikice farat ɗaya ba. Bugun zuciya yakan fara sauri, fitsari ya ragu, hannuwa su yi sanyi, sa'o'i kafin ɗan'uwan da ke zaune kan tabarma ya lura, kuma wadda za ta gane waɗannan alamu ita ce nas ɗin da ta samu komawa gadon a kan lokaci. Idan majinyata goma sha biyar ne a wuyana, awon da ya kamata in maimaita duk bayan sa'a huɗu sai ya koma sau ɗaya a dare. Binciken da Linda Aiken, wata farfesar aikin nas, ta jagoranta a asibitoci 168 na Amurka, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwa cikin kwana talatin da kashi 7 cikin ɗari. Su fa maganar majinyata huɗu zuwa takwas suke yi.

Wata uwa daga Gwadabawa: Ƙanwata ta haihu lafiya da asuba, ungozoma ɗaya kuma tana fama da mata uku masu naƙuda. Sai da zane biyu suka jiƙe da jini kafin ta waiwayo mu, kuma ba mu kai ga ƙarin jini ba. Ban taɓa ganin laifinta ba, domin a gabana ta yi ta gudu tsakanin gadaje.

Nas daga Arkilla: Allah ya jiƙanta da rahama, Hajiya. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ce ta ƙayyade adadin: majinyata biyar ga nas ɗaya a ɗakin kwanciya, biyu a sashen kulawa ta musamman. Mu kuwa cikin waɗanda muka fara aiki tare, uku suna Ingila, biyu suna Saudiyya, kuma har yau ba a cike gurbinsu ba.