Tambaya: Wane tsibiri ne a kudancin Tailan ake samun gaɓa mai natsuwa a tsakanin duwatsu?

Baƙon Bankok ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara shida ke nan ina zuwa Bankok sarin takalma da jakunkuna, amma iyakata unguwar Pratunam da filin jirgi, ban taɓa sanin yadda sauran ƙasar take ba. A watan Fabrairu mai zuwa, idan Allah ya kai mu, maiɗakina za ta raka ni domin a duba lafiyarta, kuma mun ware kwana huɗu bayan an gama da asibiti don ta huta a wurin da babu hayaniya. Ta daɗe tana nuna mini hotunan wasu tsibirai na kudancin ƙasar, inda ake ganin farin rairayi a cikin wani lungu, dogayen duwatsu sun kewaye shi, ruwan kuma a kwance kamar na cikin randa.

Abin da ya sanya ni cikin kokwanto shi ne, wani abokin cinikina ya ce mini hotunan nan duk da asuba ake ɗaukar su, kuma idan rana ta ɗaga wurin ya fi kasuwa cika. Ba na son in ɗauko mai jinya in kai ta cikin turereniya. Ban da wannan, daga ni har ita babu wanda ya iya ruwa, kuma ina tunanin salla da abinci da yadda za ta sake da suturarta a irin wannan wuri. Ina roƙon wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa ya ba ni shawara: wane tsibiri ne ya dace da mu, kuma ta ina ake bi? Allah ya saka da alheri.

Ɗalibi a Kedah ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ina karatu a arewacin Malesiya, kuma sau biyu na je lardin Krabi da ke kudancin Tailan, saboda haka zan faɗi abin da idona ya gani.

Abokinka bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa maganar ba. Mafi yawan hotunan da ke yawo na gaɓar Maya ne, wadda ke tsibirin Phi Phi Leh. Wani fim na Amurka da ya fito a shekarar 2000 ne ya tallata ta ga duniya, jama'a suka yi ta tururuwa, jirage suna sakin ƙarfen tsayawa a kan murjanin da ke ƙarƙashin ruwa har suka lalata shi. A watan Yunin 2018 hukuma ta rufe wurin ɗungurungum, ba a sake buɗe shi ba sai Janairun 2022. Yanzu jirgi ba ya shiga ta gaba. Ta bayan tsibirin ake sauke mutane, su bi wata hanyar katako da ƙafa, kuma an hana iyo. Wurin yana da kyau ƙwarai, ba na musun wannan, sai dai mutum yana shiga ne cikin jerin gwano, ya ɗauki hoto, ya ba na baya wuri. Wanda ya zo neman hutu ba zai same shi a can ba.

Abin da zan ba ka shawara shi ne tsibirin Ko Hong na lardin Krabi, wanda ke ƙarƙashin gandun ƙasa na Than Bok Khorani. Ka riƙe sunan lardin da kyau lokacin da kake ciniki da masu jirgi, domin akwai wani Ko Hong ɗin a mashigin Phang Nga, wanda ake shiga kogunansa da ƙananan kwalekwale, kuma ba shi nake nufi ba. Kalmar "hong" a harshensu tana nufin ɗaki, kuma sunan ya dace, saboda a tsakiyar tsibirin akwai wani tafki da duwatsu suka rufe ta kowane ɓangare, ba a shiga sai ta wata ƙofa matsattsiya. Ita kuwa gaɓar tana ta ɗaya gefen, ta lanƙwashe gida biyu, wani dutse ya raba su, ga inuwar itatuwa har bakin rairayi. Da yake duwatsun sun tare iska, ruwan ba ya tashi, kuma zurfinsa a hankali yake ƙaruwa, ta yadda wanda bai iya ruwa ba zai iya tsayawa iya gwiwa hankalinsa kwance.

Daga Bankok zuwa Krabi tafiyar jirgin sama ce ta kimanin awa ɗaya da minti ashirin. Daga garin Ao Nang da ke bakin teku a lardin kuma jirgin katako mai doguwar jela, wato irin wanda injinsa ke ɗaure da dogon ƙarfe a baya, yana kai mutum cikin abin da bai wuce awa ɗaya ba. Babban sirrin shi ne kada ka shiga ayarin kamfanonin yawon buɗe ido. Ka yi shatar jirgi naku ku biyu tun ana gobe za ku tafi, ku tashi da sassafe, ku isa lokacin da ma'aikatan gandu ke buɗewa. A zuwana na biyu haka muka yi, kuma mun samu fiye da awa ɗaya babu abin da muke ji sai kukan tsuntsaye da motsin ruwa, kafin wajen ƙarfe goma jirage masu gudu su fara sauke mutane. Kuɗin shiga gandun na baƙo baht 300 na kuɗin Tailan na biya a lokacin, kuma daban yake da kuɗin jirgi. Babu otal a tsibirin, da yamma kowa yake watsewa.

Malamin Labarin Ƙasa ya amsa:

Alhaji, ɗalibin nan ya yi maka bayani mai kyau. Zan ƙara abu ɗaya da na ga mutanenmu da ba su tashi a bakin teku ba sukan manta da shi, wato cikar ruwa da janyewarsa, domin shi ne zai yanke hukunci ko za ku shiga wannan tafki ko a ƙofa za ku tsaya.

A Tekun Andaman, inda waɗannan tsibirai suke, ruwa yana cika sau biyu, yana janyewa sau biyu a kowane yini da dare, kuma wata ne yake jan sa. Saboda haka lissafin watan Musulunci da muka saba da shi zai yi maka amfani kai tsaye. A farkon wata da kuma wajen 14 zuwa 15 gare shi, cikar takan kai maƙura, janyewar ma haka, har bambancin ya kusanci mita 3. A irin waɗannan ranaku idan ruwa ya janye, ƙasan tafkin yakan kusa bayyana, jirgi ba ya iya shiga. A wajen 7 da 22 ga wata kuwa bambancin kaɗan ne, kuma ruwan ya fi lafawa. Masu jirgi sun san jadawalin kamar yadda manomi ya san damina, kuma akwai shi a intanet. Ka tambaya kafin ka tsayar da rana.

Su kansu duwatsun sun cancanci a tsaya a dube su da kyau. Dutsen farar ƙasa ne, dangin wanda ake haƙowa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe da Malbaza ta Nijar don yin siminti, sai dai na Krabi ya girme su nesa ba kusa ba, domin ya haura shekara miliyan 250. Asalinsa ɓawon halittun ruwa ne da murjani da suka taru a ƙasan wani tsohon teku suka daskare. Ruwan sama yana ɗauke da ɗan tsami da ke narkar da irin wannan dutse sannu a hankali, yana bin tsaga yana fafe ciki har ya zama kogo. Idan rufin kogon ya rufta, sai a samu fili a buɗe sama, bango ya kewaye shi, kuma wannan shi ne ɗakin da ake magana. Idan kun matsa kusa za ku ga gindin kowane dutse a zaizaye, saman ya yi rumfa a kan ruwa, da wasu tsinaye suna reto daga sama kamar daskararren ɗigo. Ina ba da shawarar kada Hajiya ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin irin wannan rumfa komai daɗin inuwarta, domin dutse ne da ke ɓallewa. Inuwar itace ta fi aminci.

Game da lokaci, Fabrairu yana cikin rani a can. Iskar damina takan busa daga Mayu zuwa Oktoba, teku ya yi fushi, wani lokaci a hana ƙananan jirage fita. Abin da kawai za ka kiyaye shi ne makon sabuwar shekarar Sinawa, wanda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, domin baƙi sukan yi yawa matuƙa.

Uwar Biyu ta amsa:

Sallama gare ku duka. Alhaji, ina yi wa 'yar'uwata fatan samun sauƙi. Na yarda da zaɓin Ko Hong, amma ban yarda da kwana a Ao Nang ba, kuma zan faɗi dalili a matsayina na mace da ta je da maigida da yara biyu.

Ao Nang gari ne na baƙi. Gaskiya ne akwai babban masallaci a bakin titi, kuma abincin halal ba ya wahalar samu, tun da Musulmi suna da yawa a lardin. Amma da dare kiɗa ne da shagunan giya a gefen teku, kuma mai jinya ba za ta ji daɗinsa ba. Mu kwana ɗaya muka yi muka koma Ko Yao Noi, wani tsibiri a tsakiyar mashigin Phang Nga, wanda mafi yawan mazaunansa Musulmi ne masunta da manoman roba da shinkafa. A can na ji kiran salla daga ɗakina, na ga mata da lulluɓinsu a kan babur suna zuwa kasuwa, kuma ban ji kaina a matsayin abin kallo ba ko sau ɗaya. Ana zuwa ta tashar jiragen ruwa ta Tha Len daga ɓangaren Krabi, ko ta Bang Rong daga ɓangaren Phuket. Daga nan Ko Hong ya fi kusa, wajen rabin awa ne a jirgin katako, wanda ke nufin za ku riga kowa isa ba tare da Hajiya ta sha jijjiga mai tsawo ba.

Zan ba ka labarin kuskurenmu don kada ka maimaita. A ranar farko wani dillali ya sayar mana da tikiti ya ce tafiya ce ta mutane kaɗan, sai muka tsinci kanmu a jirgi mai gudu cike maƙil, ana sauke mu tsibiri bayan tsibiri, kowanne minti arba'in, ana busa usur a dawo. Jirgin yana dukan ruwa har bayana ya yi kwana biyu yana ciwo, ƙaramar 'yata kuma rigar kariyar da aka ba ta ta manya ce. Na yi baƙin ciki sosai a ranar. Don haka kafin ku taka jirgi ka ce a nuna maka rigunan kariya daga nutsewa, ku gwada su a tudu, ku ɗaure su har ku sauka, tun da ba ku iya ruwa ba.

Maganar sutura kuwa, kada ta damu. Ni da doguwar riga mara nauyi da wando a ciki na shiga ruwa iya ƙugu, matan Malesiya da ke wurin ma haka suke yi. A gaɓar za a ga Turawa da shigarsu, wannan babu makawa, amma idan kuka taka zuwa ƙarshen rairayin za ku samu wuri ku kaɗai. Mun yi alwala da ruwan teku, tun da mai tsarki ne, muka yi salla a kan rairayi. Ka tuna cewa alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, ba gabas ba kamar gida. Ku tafi da abincinku a mazubin da za ku dawo da shi, domin an hana shiga gandunan ƙasar da leda da kwanon soso na yarwa, kuma an hana ba kifi abinci ko ɗaukar murjani. Idan ta ga guza yana ratsawa ta ƙarƙashin itatuwa kada ta firgita, ba ya kula mutane. Akwai kuma matattakala sama da 400 da ke kai mutum ƙololuwar dutse. Maigida ya hau ya ce ya ga tsibirai birjik, amma ban ga dalilin da zai sa mai jinya ta gwada ba.

Baƙon Bankok ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maiɗakina amsoshinku, kuma maganar Hajiya Uwar Biyu ce ta fi kwanta mata, saboda haka a Ko Yao Noi za mu sauka. Malam, na duba kalanda, kuma zan yi ƙoƙari ranar fitarmu ta faɗo kusa da 22 ga wata. Saura tambaya ɗaya: idan jama'a suka fara cika gaɓar da hantsi, gara mu koma masauki, ko akwai inda mai jirgi zai iya kai mu?

Ɗalibi a Kedah ya amsa:

Alhaji, na karɓi gyaran Hajiya game da masauki, ta fi ni gaskiya, ni tafiyar samari na yi. Ku fara da gaɓar tun da safe, idan jirage suka fara isowa sai mai jirginku ya zagaya da ku cikin tafkin, muddin ruwa ya cika. Ka roƙe shi ya kashe inji idan kun shiga, domin ƙarar injin tana amsa kuwwa a jikin duwatsun. Daga nan akwai ƙananan tsibirai biyu a kusa, Ko Lao Lading da Ko Pakbia, amma su ma ayari yana tsayawa a kansu da rana. Ni a ganina ku koma masauki kafin azahar ta huta, idan kuma jikinta ya ba da dama ku sake fitowa washegari da la'asar, lokacin da jiragen ayari suka fara juyawa gida.