Wace kalma za mu ba wa anonymity: ɓoye suna, sakaya suna, ko ɓad da sawu?

Mai fassara: Jama'a, a fassarar saitunan manhaja ana ta sa "ɓoye suna" a duk inda aka ga anonymity, kuma da shi ake fassara pseudonym. Ga kuma real-name policy, wato tilasta wa mai asusu amfani da sunansa na gaskiya, wasu na cewa "dokar sunan yanka". Masana, me za mu tsayar?

Mai harkar tsaron intanet: Malam, "ɓoye suna" ya yi faɗi da yawa, domin abubuwa uku ya haɗe. Akwai wanda jama'a ba su san shi ba amma kamfanin manhajar ya san shi. Wannan muna da kalmarsa tuni a bakin 'yan jarida: "ya nemi a sakaya sunansa". Ɗan jaridar ya san mutumin, mai sauraro ne bai sani ba. Haka tsarin China yake tun 2015: ka yi rajista da sunanka na ainihi, a fili kuma ka fito da sunan da ka ga dama. To wannan sakaya suna ne.

Wanda ko kamfanin bai san shi ba, shi ne mai ɓad da sawu, kuma da wuya a samu. Cire suna kaɗai ba ya wadatarwa. Adireshin IP, wato lambar da na'ura ke shiga intanet da ita, yana nan, lambar wayar da aka turo wa lambar tabbatarwa tana nan, ga katin da aka sayi kaya da shi a cikin wasa, ga lambar na'ura. Hoton da aka ɗauka da waya ma yakan ɗauki wurin da aka ɗauke shi a cikin bayanansa idan ba a goge ba. Ɗaya daga cikinsu ya isa a kamo bakin zaren. Shi ya sa na fi son "sawu" a kan "suna" a nan.

Mai gina wasanni: Na ukun laƙabi ne, ko inkiya. Ɗan wasa yakan shekara goma da suna ɗaya, an san shi da shi, yana da mutuncin da yake karewa a ƙarƙashinsa. Don Allah kada a ce masa "sunan bogi". Bogi na mai yaudara ne, wanda ya ɗauki sunan wani ko ya buɗe asusu ashirin. A Yulin 2010 kamfanin wasanni na Blizzard ya ce zai riƙa nuna sunan ainihi na duk mai rubutu a dandalinsa, 'yan wasa suka yi caa, cikin 'yan kwanaki ya janye. Laƙabinsu suke karewa, ba zamba ba.

Mai fassara: Na karɓi ukun. To "dokar sunan yanka" fa?

Mai nazarin dokokin intanet: Tana da daɗin faɗa, Malam, amma ba ta dace ba. Facebook ma cewa yake yi sunan da aka san ka da shi a yau da kullum, wanda ba lalle ne ya zama na haihuwa ba. "Sharaɗin sunan ainihi" ya fi, idan kamfani ne ya gindaya, kamar yadda dandalin sada zumunta na Google+ ya yi daga 2011 har ya soke a 2014. "Doka" a bar wa gwamnati.

Sai a raba shi da "tantance mai asusu", wato a karɓi lambar katin shaida a gwada ta da rumbun gwamnati. A China lambar tana da alamomi 18, ranar haihuwa na cikinta, da ita wasa yake gane yaro. Tun 2021 wanda bai kai shekara 18 ba awa ɗaya ke gare shi ta yin wasa a intanet, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Inda abin ke yoyo shi ne yaro ya shiga da lambar kakarsa, domin lamba ake tantancewa, ba hannun da ke riƙe da waya ba. Abin da ya kai kamfanin Tencent na China, mai yin wasanni, ga duba fuska ke nan.

Koriya ta Kudu ta gwada dokar sunan ainihi a 2007 kan manyan shafuka. Shafukan suka tara bayanan mutane jibgi, a 2011 aka yi wa shafukan Nate da Cyworld kutse aka kwashe na mutum kusan miliyan 35. A 2012 kotun tsarin mulki ta rushe dokar.

Mai harkar tsaron intanet: Ƙari ɗaya kan maɓalli, Malam. Inda dandali ya ba da zaɓin rubutu ba tare da suna ba, a sa "A sakaya sunana", kada a sa "ɓad da sawu". A rukunonin Facebook, alal misali, masu kula da rukuni suna ganin wanda ya yi rubutun. Idan kalmar ta yi alkawarin da manhajar ba ta cika ba, mai tona asirin wani babba ne zai kwana a ciki.

Mai fassara: An gyara maɓallin. "Inkiya" zan sa a akwatin sunan ɗan wasa, ta fi "laƙabi" sauƙin bugawa ga wanda allon wayarsa ba shi da ƙ.