Neman kalma: me za mu kira composite na jikin jirgin sama?

Mai Shirin Kimiyya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙarfe takwas na dare zan shiga situdiyo. Shirin a kan gwajin da ake yi wa jirgin sama ne kafin a yarda ya ɗauki mutane. A 2007 kamfanin Boeing sun ɗaga wani ɓangare na gangar jikin jirginsu samfurin 787 kamar ƙafa 15, suka sako shi ƙasa don a ga ko fasinja zai tsira. Kusan rabin nauyin jirgin ba ƙarfe ba ne, composite ne. Nan na maƙale.

Ɗan Kurmi: Haɗe-haɗe.

Injiniya: Ya yi faɗi, ai kwaɗon zogale ma haɗe-haɗe ne. Zaren kabon ake shimfiɗawa falle kan falle cikin ƙaro, a gasa da zafi da matsi. Dabarar tubali ce, ƙasa da ciyawa, kowa na riƙe ɗan uwansa. Abin da ya sa ake gwajin: alminiyam in ya bugi ƙasa lotsewa yake, lotsewar ce ke shanye ƙarfin bugun. Shi wannan tsagewa yake, fallayen su rabu. Dole a tsara ƙasan jirgin ya murƙushe a hankali kafin bugun ya kai kujeru.

Baba Malam: To ga kalma, saƙaƙaro. Saƙa da ƙaro. Kuma Injiniya, ina ka kai sanholo da kake ce mana alminiyam? Da bakinmu muke kashe harshen nan.

Injiniya: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ba duka ake saƙawa ba. A gangar 787 inji ne ke nannaɗa zaren a jere.

Baba Malam: Jirgi ma asalinsa na ruwa ne, muka ɗora shi a sama, wa ya ruɗe? Saƙaƙaro.

'Yar Damagaram: Ku dai kada ku ce kwamfozit. Kullum Kano ta yanke, mu a Nijar sai dai mu ji a rediyo.

Ɗan Kurmi: Hajiya, lakkwal da kuke ce wa makaranta da likita duk aro ne, kowa da inda ya aro.

Baba Malam: Aro ba ado ba ne. Harshen da ake watsa labarai da shi daga Landan da Beijin ba zai rasa sunan zare da ƙaro ba.

Mai Shirin Kimiyya: Don Allah saura awa biyu. Zan kawo hatsarin filin jirgin saman Haneda a Tokyo na 2 ga Janairu 2024, inda jirgin fasinja A350, shi ma mai jikin composite, ya yi karo da ƙaramin jirgin saman masu gadin teku, mutum 379 suka fita da rai kafin wuta ta cinye shi, biyar na ƙaramin jirgin suka rasu. Ba na so mai sauraro ya tsaya tunanin kalma a wurin.

Injiniya: Ka ce haɗin zaren kabon da ƙaro a farko, daga baya haɗin kabon kawai.

'Yar Damagaram: Na yarda, ko da yake kabon ɗin ma aro ne.

Baba Malam: Na yau dai ka je da shi. Amma ka ambaci saƙaƙaro ko sau ɗaya, mu ji yadda zai zauna a kunne.

Mai Shirin Kimiyya: Sau ɗaya, Baba. Na tafi.