"Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi", har a fim ɗin kaboyi?

Ɗan Fagge: Jama'a, jiya na sake kallon High Noon, na 1952, sai wannan karin magana ta tsaya mini a rai. Frank Miller, mugun fim ɗin da ke neman ɗaukar fansa a kan mai tsaron garin Hadleyville, na tafe a jirgin ƙasan sha biyun rana, yaransa uku na jiransa a tasha. Su huɗu kacal. Will Kane, mai tsaron garin, ya shiga mashaya neman mataimaka, ya shiga coci ana tsakiyar ibada, kowa ya sunkuyar da kai. Gari guda ya kasa mutum huɗu. To ina sarautar yawan?

Tsohon Malami: Ɗana, ba ƙidayar kawuna karin maganar take nufi ba. Yawan da ya tashi tare ake nufi. Mutanen Hadleyville sun yi ta gardama a cocin nan, wasu na cewa rikicin Kane ne shi kaɗai, ya bar garin kowa ya huta. Tsintsiya ce aka kwance mata ɗauri. Maganar da ta dace da su ita ce "kowa tasa ta fisshe shi".

Hajiyar Zinder: Malam ya yi gaskiya, amma kun manta da amaryar Kane. Ranar aka ɗaura musu aure, aƙidarta ta hana ta zubar da jini, har ta hau jirgi za ta tafi. Da ta ji ƙarar bindiga ta sauko, ita ta harbi ɗaya ta baya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da na Gary Cooper ne, wanda ya fito a matsayin Kane.

Ɗan Fagge: Hajiya, mutum biyu ai ba yawa ba ne.

Hajiyar Zinder: Sun fi ɗaya dai.

Mai Shayi: Ni John Wayne, shahararren ɗan wasan finafinan kaboyi, nake bi. Bai so fim ɗin ba, a ganinsa jarumi ba ya bin gida-gida yana bara. A Rio Bravo, 1959, shi ake yi wa tayin taimako yana ƙi, ya tsaya da mashayi, da tsoho gurgu, da wani saurayi.

Tsohon Malami: Lissafa su mana, Mai Shayi. Da shi huɗu ke nan, kuma ba don tsohon nan ba da sun sha kashi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙarshen High Noon: an gama harbe-harbe, sai ga mutanen gari sun fito tururuwa. Kane ya dube su, ya cire tauraron ƙirjinsa, alamar muƙaminsa, ya yar a ƙasa, ya hau keken doki da matarsa.