Ɗalibai su gyara wa juna waƙa, ko aikin malami ne shi kaɗai?

Malam Ilu: Jama'a ni fa har yanzu ina kan bakana, ɗalibin da bai gama sanin kari, wato ma'aunin waƙa, ba bai kamata a ba shi waƙar ɗan'uwansa wai ya gyara ba. Makaho ai ba ya jan makaho. Yaro ya tsara baitinsa ƙwar biyu, wato mai ɗango (layi) biyu, daidai, abokinsa ya zo ya canja masa kalma wai ta fi daɗi, ya sa gaɓa mai nauyi inda marar nauyi take, kari ya karye, shi kuma mai waƙar ya karɓa don kunya.

Malama Rabi: Allah ya gafarta Malam, laifin tsari ne wannan. Ni a ajina ba mai sa biro a takardar wani. Wani daban ne yake karanta waƙar a bayyane, mai ita yana zaune shiru, duk inda harshen mai karatu ya sarƙe sai kowa ya yi alama a tasa takardar, wallahi za ka ga mai waƙar ya ɗago kai tun kafin a ce uffan don ya riga ya ji da kunnensa.

Sadiƙ: Shirun nan ai an fi saninsa da shirin koyar da rubutu na jami'ar Iowa ta Amurka da aka kafa a 1936, kuma can ma ana sukarsa fa, don mutum yana ji ana juya masa ma'ana ba damar ya kare kansa.

Hauwa: Ni ɗaliba ce, bari in faɗi nawa. Abin da ya fi min ciwo shi ne in ba wa ƙawata waƙa ta ce "ta yi kyau wlh" shi ke nan. Gara ta ce amsa-amona na baiti na uku dole na yi masa, in ji haushi in je in sake zama a kai.

Malama Rabi: Yauwa 'yata! Shi ya sa nake ba su tambaya guda kawai, wane ɗango ne ya tsaya miki a rai kuma a ina kika ɓace. Tahamisi ma ai shiga waƙar wani ne tun da.

Malam Ilu: A'a Malama, mai tahamisi ɗango uku yake ƙarawa a kan biyun asali su zama biyar, ba ya taɓa ko harafi na mai waƙar, kuma sai wanda ya ƙware yake yi. Karatun a bayyane na yarda da shi. Amma hukunci kan kari da amsa-amo a bar wa malami sai sun yi zango guda suna ƙirga gaɓoɓi.

Hauwa: To Malam in aji ya cika maƙil, yaushe za ka kai kan tawa?