Gida biyu, ɗa ɗaya: wa abin ya taɓa faruwa a kansa?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka gani a gidajensu, ba masu ji a bakin wani ba. Ni Bahaushe ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, mai ɗakina kuma Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Jahun. Allah ya ba mu ɗa namiji, yau watansa bakwai. Tun ranar suna ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". In baƙi suka shigo sai ta ajiye shi a tabarma ta kau da kai, ko da kuka yake yi. Na yi magana ta ce kunyar ɗan fari ce. Ga tsohuwata kuma ta kawo laya ta rataya masa a wuya, ni kuwa a Islamiyya na tashi, an hana mu wannan. Gaba kura baya siyaki. Wanne zan fara taɓawa?

Bafulatanar Jahun: Wa alaikumus salam. Yaya, ka ƙyale matarka. Ni ma 'yar fari ce. Ranar da aka yaye ni aka kai ni wajen kakata, a can na girma, kuma har aka yi mini aure Inna ba ta kira sunana ba. Ina ƙarama na ɗauka ba ta sona. Ranar da za a kai ni ɗakin miji mata sun cika bukka ana ta kuka, ita tana can bayan garke wai tana tatsa. Daga baya ƙanwata ta faɗa mini saniyar nan tun da safe aka tatse ta, Inna dai ta tsuguna ne a gindinta da ƙwarya ba komai a ciki. To ka ji irin son. Ba ta taɓa cewa addini ne ba, pulaaku ne, wato kunya da kawaici irin na Fulani, kuma Hausawa ma ai kuna da kunyar ɗan fari, taku ce ta yi sanyi. Nawa ɗan ina kiransa, amma ba a gaban Baffa ba.

Malamin firamare, Gumel: Namu rikicin a kan sallah aka yi shi. Mahaifina dattijo ne, sakin hannu yake yi kamar yadda ya taras iyayensa suna yi. Ɗana mai shekara 9 ya dawo daga Islamiyya ya tsaya gefensa a sahu ya kama hannu a ƙirji, ana sallamewa ya ce wa kakansa sallarsa da gyara. Na so in mare shi, Baba ya riƙe ni. Ya ce da yaron: "Izala a 1978 aka kafa ta a Jos, ina da aure a lokacin. Kafin nan ma almajiran Shehu Ibrahim Inyass suna ƙabalu a Kano, muna bin su sallah suna bin mu. Kama hannunka, amma ka saki bakinka daga kaina." Har yau tare suke tafiya masallaci, kowa da yadda yake tsayuwa.

Gardi daga ƙasar Haɗejiya: Malam, naka da sauƙi. Ni gabas aka kai ni ina ƙolo, a tsangayun Borno na yi sauka, da ƙira'ar Warshu. Rannan ina biya wa 'yata Fatiha na ce "maliki yaumiddini", ta ce a'a Baba, ja ake yi, "maaliki". Ita Hafsu ake koya musu. Na ɗauko Alƙur'anina na warƙa daga gafaka, ta ɗauko nata bugun Madina, muka jera a kan buzu. Na nuna mata duk ruwaya ce, ba wanda ya yi ɓata. Inda ta fi ni gaskiya kuma na karɓa: mu a allo "walluha" muke cewa, harshenmu ya mai da harafin "dad" ya koma lam, ita kuwa tana fitar da shi daga mafitarsa. Da gemuna na zauna ta gyara mini. Amma ban cire ta daga makarantar allo ta asuba ba, don haddar da allo da tawada ke dasawa daban ce.

Wata uwa daga Sumaila: Ina son in yi magana a kan layar. Kakata ta wajen uwa Bamagujiya ce, sai da ta manyanta ta musulunta, kuma ba ta sake wasa da sallah ba har ta koma ga Allah. Amma ba ta yarda yaro ya zauna gindin tsamiya da tsakar rana, kuma ba a zubar da ruwan zafi a tsakar gida sai an yi bisimilla. Uwata 'yar wabi ce, uku suka mutu kafin ita, shi ya sa ake kiranta Ajuji. Matar da ta binne 'ya'ya uku, in ta ɗaura wa jikanta laya, tsoro ne ke cinta, ba malanta take nuna maka ba. Ka tambayi tsohuwarka nawa ta binne kafin kai, sannan ka san da wane baki za ka yi mata magana.

Ma'aikaciyar asibitin ƙauye, Ɓaɓura: Maganar halaccin laya na bar wa malamai, su ma in ayar Alƙur'ani ce a ciki sun yi saɓani. Ni igiyar ce ta dame ni. Ɗan wata bakwai ya fara birgima, zare a wuya yana iya shaƙe shi cikin dare. Kuma ku maza kuna ta da jijiyar wuya a kan laya, amma a gabanku wanzami zai cire wa jariri beli da aska ɗaya da ya yi wa wasu aiki, ba mai cewa uffan. Katin riga-kafinsa yana ina? An yi masa duk alluran da suka kamata?

Gardi daga ƙasar Haɗejiya: Hajiya ta taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ɗan Ringim, tambaya ɗaya: sunan wa aka sa wa yaron?

Ɗan Ringim: Sunan mahaifinta ne, ni da kaina na zaɓa don in girmama surukina. Wallahi sai yanzu na ga na haɗa mata kunya biyu. Hajiya, katin yana nan, saura ta ƙyanda in ya cika wata tara. Na je wajen tsohuwa jiya da goro. Biyu ta binne kafin ni, ban taɓa sani ba sai jiyan. Ta yarda an cire layar daga wuya, amma ta ce sai an sa ta ƙarƙashin katifarsa, ni kuma na yi shiru, a kan wannan ban gama shawara da zuciyata ba. Yau da asuba na dawo ɗaukar carbina, mai ɗakin ta ɗauka na wuce masallaci. Na ji ta tana masa wasa da Fillanci, tana ce masa Baffa, shi kuma yana ta ɓaɓɓaka dariya. Ina yin gyaran murya ta ajiye shi ta ɗauki tsintsiya.